Firjin Gidan Ladan

Inji uku lasisin Ishaya ya yarda masa da su, shi kuwa huɗu gare shi. Duk layinmu an san da haka, ba dai wanda ke faɗa. Masaukinsa na bakin titin da ya nufi Kaduna, inda direbobin tirela ke yada zango su jira rakiyar sojoji kafin su shiga daji. A wani ɗaki can baya ya jera injinan cacar, irin waɗanda ake danna wa maɓalli hotunan lemo da kankana su yi ta juyawa. Dokar da aka ba shi lasisi a kanta ba ta da kwana-kwana: in aka sami inji ko ɗaya fiye da adadin da aka yarda, a ƙwace lasisi a garƙame wurin. In kuma a gidan da ba lasisi aka tsinci injin, mai gidan ne zai amsa tambaya.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi wani direba ya tsegunta wa Ishaya cewa ya baro motar jami'an da ke duba lasisi a Buruku, ta nufo Birnin Gwari. Ishaya bai yi wata-wata ba ya naɗe inji na huɗu da tamfol, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a baro ya turo shi har zauren Malam Auta, ladanin masallacinmu.

Sai na gaya muku abin da ke tsakaninsu, in ba haka ba za ku ce Malam Auta wawa ne, alhali ba wawa ba ne. Manomi ne daga wani ƙauye a yankin Randagi. Shekarar da 'yan bindiga suka tashe su, da kayan jikinsu kaɗai suka iso gari, shi da matarsa Karima da tsohuwarsa a goye. Gidajen 'yan uwa duk sun cika. Ishaya ne ya buɗe musu ɗaki a masaukinsa, suka ci damina guda a ciki bai karɓi ko sisi ba, kuma da tsohuwar ta rasu motarsa ce ta ɗauki makara. Gona ta tafi, shanun huɗa sun tafi. Abin da ya rage wa Auta shi ne murya. Da liman ya ji ta sai ya miƙa masa ladanci, tun daga nan mutumin da ake kira ɗan gudun hijira ya koma Malam Ladan. Ba albashi a ciki, amma shi ne kaɗai abin da ke sa ya ɗaga kai a cikin mutane.

"Malam, ajiya na kawo," in ji Ishaya yana haki. "Zuwa yamma kawai."

Auta ya dubi tamfol ɗin, ya dubi mai shi. "Maƙwabci, wannan ba abin nan ba ne?"

"Shi ne. Ba ni da inda zan kai. Shaguna za su iya dubawa, amma gidan matan aure ba mai shiga. Kai ma ka sani, ko soja a zaure yake tsayawa."

"Ni fa ladan ne, Ishaya."

"Shi ya sa ba wanda zai kawo ka a ransa." Ya sassauta murya. "Ban taɓa roƙon ka komai ba."

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa ba, kuma wannan maganar ce ta ɗaure Auta. Ni dai har gobe ina jin haushin Ishaya a kanta. Wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare, haka ne, amma shi ma bai kamata ya zo karɓar ladarsa ta wannan hanya ba.

Auta ya tura baron da kansa zuwa cikin gida, ya jingine kayan a kusurwar ɗakin Karima. Ta baro wanke-wanke ta biyo shi tana share hannu da zani.

"Malam, mene ne wannan?"

Kunya ta hana shi faɗin sunan abin a gaban matarsa. "Firji ne. Ajiyar mutane ce, kada ki kwance."

"Firji," in ji ta, tana shafa tamfol ɗin. "Allah ya nuna mana namu."

Kafin azahar motar ta iso, fara, da tambarin hukuma a ƙofa. Auta na zaune a inuwar masallaci yana jan carbi, idonsa na kan ƙofar masaukin. Bazara ce, rana kamar ta fasa kai, amma zufar da ke bin bayansa ba ta rana kaɗai ba ce. Maza biyu suka sauko, sannan shugabarsu, sai ga ta mace ce. Doguwa, da farin hijabi da tabarau, sunanta Muslimat kamar yadda muka ji daga baya. Ishaya ya yi lissafin komai, wannan ne bai taɓa faɗo masa ba.

Suka daɗe a ciki. Da suka fito Ishaya na gaba yana washe baki, har ya ɗaga wa Auta hannu daga nesa, alamar an ƙirga uku an wuce wurin. Auta ya sauke ajiyar zuciya. Lokacin salla ya yi, ya tashi ya shiga masallaci. Yana kai hannu ga makirufo ya ji yaran layi sun ɗauki sowa, an kawo wuta, wutar da sai mu yi wata ba mu gan ta ba. Lasifika ta yi ƙara, ya sa yatsu a kunne ya fara kira.

Tagar da ladan ke tsayawa tana kallon ƙofar gidansa. Yana cikin shahada ta biyu ya ga matar nan ta tsallako titi, ta tambayi wata mai tallar fura wani abu, mai furar ta nuna mata zaurensa. Ba wani bincike ya kawo ta ba. Baƙuwa ce salla ta riske ta, ba za ta yi a masaukin direbobi ba, gidan ladan kuwa shi ne gidan da ake nuna wa duk macen da ke neman buta da tabarma. Ta yi sallama ta shige.

Muryar Auta ta yi rawa har liman ya ɗago kai. Kiran salla ba a yanke shi a tsakiya. Ya ci gaba, kalma bayan kalma, yana jan kowace kamar yadda ya saba. Bai taɓa jin kiran salla ya yi masa tsawo irin na ranar ba.

Abin da ya faru a ciki Karima ce ta ba matata labari. Ta karɓi baƙuwar hannu bibbiyu, ta shimfiɗa mata darduma a ɗaki, ta kawo ruwan randa, sai ta ji ruwan ya yi ɗumi. Kunya ta kama ta. Babbar baƙuwa daga Kaduna, ga wuta an kawo, ga firji a ɗaki, a ba ta ruwa kamar na wanka? Malam cewa ya yi kada a kwance, bai ce kada a jona ba. Wayar na leƙowa ta ƙarƙashin tamfol. Ta ce bari ta jona ya fara ɗaukar sanyi kafin baƙuwa ta idar, sai ta ɗaga gefe ta saka kwano ɗaya. Ta kuwa jona.

Auta na sauke hannu daga kunne kiɗan ya tashi. Katanga ɗaya ce tsakanin masallaci da ɗakin Karima. Kiɗa ne mai tsalle-tsalle da ƙarar zubar tsabar kuɗi, wanda duk mai wucewa ta bayan masaukin Ishaya ya san shi, har da waɗanda za su rantse ba su sani ba. Masu alwala suka tsaya da butoci a hannu.

Liman ya ce a tayar da salla. Auta ya yi iƙama, aka yi raka'a huɗu, ban jin akwai wanda hankalinsa ke cikinta.

Da muka fito an riga an turo injin zuwa ƙofar gida, an yaye tamfol, jami'an nan biyu na tsaye a kansa. Jama'a sun taru. Ishaya ma yana nan a gefe, hannuwa cikin aljihu. Daga cikin zaure ana jin shessheƙar Karima.

"Baba, kai ne mai gidan nan?" in ji Muslimat. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Mama ta ce ajiya aka kawo muku. Na ga alama ba ta san ko mene ne ba." Ta gyara tabarau. "Bari in yi maka bayani, don kada ka ce ba a gaya maka ba. In na mai lasisi ne aka ɓoye a nan, shi za mu kama da laifi, mu rufe wurinsa, kai ba ruwanka. In ba ka faɗi mai shi ba, sunanka zan rubuta, kuma kai za ka je gaban alƙali. Na wane ne?"

Ta sani, mu ma mun sani. Bakin Auta kawai take buƙata.

Auta ya juya ya dubi Ishaya. Ba kallon roƙo ba ne, dama ya ba shi ya yi magana da kansa. Ishaya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Mata da 'ya'ya gare shi da ma'aikata da ke ci a masaukin, na sani, amma wallahi na so ko tari ya yi.

Liman ya matso. "Malam Auta, faɗi gaskiya ka huta. Ladanin masallaci ba zai ɗauki sunan mai injin caca ba. Ka san abin da jama'a za su ce."

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"To, na wane ne?"

Auta ya mayar da ido kan Muslimat. Ƙarya ɗaya ya yi da safe, ga inda ta kai shi, ba zai ƙara ta biyu ba. Ba kuma zai kira sunan mutumin da ya ɗauki gawar uwarsa ba.

"A ɗakina kuka same shi," ya ce. "Ni na shigar da shi da hannuna, kuma na san ko mene ne. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Muslimat ta daɗe tana kallon sa, ta waiwaya ta kalli Ishaya, sannan ta ciro biro. Aka ɗora injin a bayan mota. Jama'a suka watse biyu-biyu suna ƙus-ƙus, waɗanda suka fi kowa girgiza kai kuwa na san su, na kuma san inda suke kashe kuɗin cefane. Ishaya ya tako kamar zai yi magana, Auta ya shige gida ya saki labulen zaure.

Ya tarar da Karima a tsakar gida, ido ya yi ja.

"Da ka gaya mini, Malam," ta ce. "Ni ma a masaukin Ishaya na kwana damina guda. Da na zauna a kansa na ce buhun masara ne."

Ya zauna a kan turmi har inuwa ta karkata. Da la'asar ta gabato ya ɗauki buta ya yi alwala, ya sa hula, ya nufi zaure kamar kullum. Hannunsa na kan labule lasifika ta yi ƙara, muryar Naziru mai shagon caji ta tashi da kabbara, tana sauri, tana cinye ƙarshen kalmomi.

Auta ya tsaya a bayan labulen yana amsa kiran a hankali, jumla bayan jumla, har aka gama.