Sanyin da Tattabaru Suke Sha

Gidan su Mudassir a unguwar Utaibiyya ya girme shi, ya girmi mahaifiyarsa ma. Bangon dutse ne mai kauri, wayoyin wutar kuwa sun tsufa, har in aka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda biyu tare sai wutar gidan ta ɗauke. Gyaran mukayyif ne sana'ar Mudassir, amma ya kasa sa ko ɗaya a kicin ɗin uwarsa.

A kicin ɗin nan uwar tasa, Hajiya Ɗaso, take toya masar sayarwa tun yana goye, ana kai wa masu shaguna a unguwar Mansur. Bana da zafi ya tsananta, ta yanke jiki ta faɗi a gaban tanda. Likita ya ce ta rabu da zafi. Mudassir ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta sallami masu sayen masarta.

"In zauna in yi me?" ta ce. "In riƙa kallon bango?"

Ana cikin haka hitar ruwansu ta ƙone. Mudassir ya kawo wata sabuwa, mai dogon tanki da fanka a ka, wadda ba ta cin wuta sosai. Ya kafa ta a saman bene kusa da tankin ruwa, ya manta da ita.

Kwana huɗu bayan nan, da azahar, ya ji uwarsa tana kiransa daga sama. Ya haura da gudu. Ya same ta tsaye da kwandon shanya, lafiyarta ƙalau. Rana ta gasa daɓen, amma tattabaru sun fi ashirin sun jeru a gaban na'urar, sun lumshe ido.

"Injiniya, zo ka sa hannu nan."

Ya sa. Iska ce mai sanyi take fitowa.

"Haka take aiki, Umma. Zafin iska take zuƙewa ta zuba a ruwa, sai ta huro sanyin waje."

"Zafin kowace iska?"

"Kowace."

"To ni ina da zafi a ƙasa har ya kayar da ni, ita kuma tana nan tana yi wa tattabaru fifita. Wa ya koya maka aiki?"

Shekara goma sha ɗaya Mudassir yana harkar nan, ya kafa irinta a gidaje da dama, bai taɓa tambayar inda sanyin yake zuwa ba.

Ya ce in aka kai ta kicin, hayaƙin mai zai toshe ragarta. Ta ce ita da take wanke tanda kullum, raga ce za ta gagare ta? Ya ce ba ta hura sanyi sai lokacin da take ɗumama ruwa, da tankin ya yi zafi sai ta tsaya. Nan Hajiya ta ɗan karkata kai.

"Halas, shi ke nan. Sauko da ita, sauran nawa ne."

Shi da maƙwabcinsu Hafizu suka wuni suna lallaɓa ta a matsattsen matakala. Suka kafa ta bakin ƙofar kicin, nesa da mai.

Ranar ƙarshen wata Mudassir bai fita aiki ba, ya tsaya ya gani. Sai ya tarar uwarsa ta juya aikinta na shekara talatin. Da, sai ta gama suya take wanke-wanke. Yanzu tukwanen jiya take fara wankewa, ta yi wankin gida, ta ƙarar da ruwan zafin tas. Tana ɗora tanda, na'urar ta tashi neman zafi, ta yi ta hura mata sanyi a baya har ta kwashe masar ƙarshe. Ruwan da yake ɗiga daga jikinta ma ta tara a bokiti don na'ana'arta.

Ba sanyin otal ba ne. Amma mayafinta a bushe yake, numfashinta daidai. Mudassir ya daɗe a jingine da ƙofa yana kallon hannunta yana juya masa.

"Yau wata ya ƙare, Injiniya," ta ce ba tare da ta waiwayo ba.

"Na sani, Umma. Kwano nawa za a kai Mansur gobe?"

"Shida. Ka kuma hau sama ka zuba wa tattabarun nan ruwa, mun ƙwace musu."