Zanen Baba Tunau

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu da nake ba da labarinsa raina bai huce ba.

Amma kafin mafarkin akwai abin da na aikata ido biyu. Wata biyu ke nan ina koyon gyaran hoto da haɗa bidiyo a shagon Malam Sahabi, nan cikin Sakkwato. Makon jiya Inna, mahaifiyata, ta ba ni hoton babanta, marigayi Baba Tunau, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Yoyon ɗaki ya jiƙa shi, takardar ta fara ɓarewa. Jiya na sa shi a sikana, na'urar kwafar hoto, ya shiga kwamfuta lafiya, da na zo ɗagowa sai fuskar ta manne a gilashi ta murmushe, aka bar ni da farar takarda a hannu. Na cikin kwamfuta kaɗai ya rage. Malam Sahabi kuwa karatunsa ɗaya ne kullum: "Duk layin da kag gani ga huska, shahe shi. Mutane sumul suka so." Na bi yagewar takarda na goge, na bi tabon ruwa na goge, hannu ya yi daɗi, na bi zanen Gobirci da ke kumatun tsohon na goge shi tas. Na adana a kan na asali, na kashe kwamfuta ina jin kaina gwani. Sai da na kwanta na gane ɓarnar da na tafka, ga shi na yi wa Inna alkawarin hoto da safe.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari da rana tsaka. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa gajimare, saboda wani ɗalibi ya juya bidiyon garin baya ya tafi cin abinci bai gyara ba. Kowa ya riƙe lemarsa a juye saitin gwiwa. Mutanen garin duk farare ne sol, fuska sumul, ba ƙurji, ba tamoji, ba gumi. Mai rake da mai nama da liman kamarsu ɗaya. Na ga mata biyu suna musayar jarirai a bakin titi, wai ko an dace.

A kan wani benci wani tsoho yake zaune, shi kaɗai baƙi da fari a garin da komai ke da launi. Ban taɓa ganin Baba Tunau a raye ba, amma na san rawanin, don ni na gyara masa gefe. Fuskarsa kamar dafaffen ƙwan da aka ɓare. Bakinsa ya motsa, sai da na ƙirga uku sannan maganar ta iso.

"Kai ne Nahi'u, ɗan ɗiyata Tabawa?"

Na durƙusa na ce ni ne.

"Mi niy yi maka? Wanzami ya kwashe hantsi guda yana yi min wanga zane, ina jinjiri, ina kuka, uwata na kuka. Shekara saba'in da huɗu ina ɗauke da abina. Kai ko ka shahe shi da ɗan yatsa guda, kana cin gyaɗa."

Gaskiya ne, gyaɗa nake ci a lokacin. Hakan ya ƙara ba ni haushi, don ban ga dalilin da zai sa a tono gyaɗar ba.

Sai wani ƙaton almakashi ya sauko daga sama ya datse titin. A garin nan ba a tafiya da ƙafa. Malam Sahabi ne zaune a can sama, yana yanke hanya yana manna ƙarshenta da inda ya ga dama. Muka samu kanmu a ƙofar wani gida, wata tsohuwa na tsintar shinkafa a faifai. Kaka Ige ce, matar Baba Tunau, wadda ta rasu shekara biyu bayansa. Tana ganinsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wane baƙo ne wanga? Maigida ba shi nan."

"Ige, ni ne hwa."

"Kai wa? Mijina Bagobiri ne, daga nesa ake shaida shi. Wanga mai huskar 'yan talabijin ya tahi ya ba ni wuri, tun ban tara mishi jama'a ba."

Ta shige ta bugo ƙofa. Ƙofar ta rufu shiru, sai can ƙarar ta biyo baya ta same mu a tsaye. Tsohon ya zauna a ƙasa ya ce tun jiya da la'asar yake waje, ko ruwan alwala an hana shi.

Zuciyata ta tafasa. Na ɗaga hannu na danna Kwantirol da Zed a iska, maɓallan nan biyu da ke mayar da aiki baya in ka yi kuskure. Fuskarsa ba ta canja ba. Ruwan ne kawai ya juyo ya zubo daga sama sau ɗaya, ya jiƙa mutanen gari ta inda ba su tare ba, suka bi ni da zagi.

Almakashi ya sake saukowa.

Ga mu a Ofishin Mayar da Abin da Aka Goge. Layi ya kai bakin ƙofa. Akwai amaryar da ta zo karɓar hancinta na asali, don angon ya ce ba wannan ya nema ba. Akwai wani Alhaji da aka rage wa tumbi, yanzu wandonsa ba ya zama. A gabana kuma hannu ne kawai, na wani da aka cire daga hoton biki aka manta da hannunsa a kafaɗar abokinsa. Hannun ya fi kowa bin doka, bai tsallake layi ba.

Mai ofishin wata zabuwa ce da tabarau, jikinta fari fat, ko ɗigo babu. Ta ga ina kallonta.

"Kalla da kyau," in ji ta. "An ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. To ni wani ɗan ajinku ne ya gan ni. Me ya kawo ka?"

Na nuna Baba Tunau.

"Ka ajiye kwafi kafin ka fara?"

"A'a."

"A kan na asali ka yi aikin?"

"E."

"Ina takardar?"

"Ta murmushe."

Ta cire tabarau ta goge da fiffike, ta daɗe tana kallona. Na so ta zage ni in samu abin ramawa, amma ba ta yi ba. Ta buɗe wata ƙofa a bayanta. Ɗaki ne cike da abin da ire-irena suka share: tamoji a buhuna, wushirya a kwalabe, furfura, bille, tabon ƙyanda, baƙar fata a ninke a kan kanta har rufi. A kusurwa ga zanen fuska an ɗaure dami-dami kamar tsintsiya.

"Nasa na ciki," ta ce. "Faɗi adadin in ba ka. Nawa a wannan kunci, nawa a wancan? In ka rage ɗaya ko ka ƙara, wani mutum daban za ka mayar wa matarsa. Kuma ka ga koren layin can a bango? In ya cika, mun tashi."

Koren layin yana kan casa'in da tara cikin ɗari.

Na juya na ce Baba ya faɗa mini. Bakinsa ya motsa. Na ƙirga uku ina jira, sai wani kiɗan biki ya ɓarke a maimakon muryarsa. Malam Sahabi ne ya ɗora kiɗa a kan maganar, kamar yadda yake yi wa kowane bidiyo, ko na ta'aziyya ne.

A nan na manta da ladabin ɗalibi. Na ɗaga kai sama na ce ya sauko. Ya leƙo daga gajimare da linzamin kwamfuta a hannu. Na ce masa wata biyu yana koya mini share mutane. Na ce ya mayar da 'yan matan unguwa Larabawa har iyayensu na tambayar 'yar waye wannan. Na ce bai taɓa cewa in ajiye kwafi ba sai sau ɗaya, ranar farko, yana waya. Na ce shi ya jawo kakana ke kwana a waje. Ina cikin faɗa ya rage mini gudu, maganata ta koma ja kamar ta saniya, mutanen layi suka fashe da dariya. Har hannun nan ya riƙa bubbuga benci.

Da ya gama wasa da ni, sai ya ce, "Ni layi nic ce ka shahe. Ban ce ka shahe kakanka ba. Kai ba ka da ido?"

Wannan ce ta ƙona ni. Awa uku na yi da fuskar nan a gabana, na zuƙo ta har kunci guda ya cika allon kwamfuta, na bi zanen ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, amma ban ƙirga ba. Datti nake gani.

Sai na tuna Inna tana da irin zanen. Na rufe ido na kira fuskarta. Idanunta suka fito tar, wushiryarta ta fito, har ɗan tabon mai da ke haɓarta. Kumatun kuwa suka zo dishi-dishi. Na matsa kusa, suka farfashe suka zama ƙananan murabba'ai. Fuskar da nake gaisarwa kowace safiya ke nan, na kasa cewa biyar ne ko takwas. Haushin Malam Sahabi ya sauka daga kansa ya dawo kaina gaba ɗaya.

"Muna jira," in ji zabuwa. Ta fara kankare teburin da baki. Ƙar, ƙar, ƙar. Baba Tunau ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya nufi ƙofa, bai ko kalle ni ba. Ƙar, ƙar, ƙar.

Na buɗe ido. Gari ya waye, Inna ce a tsakar gida take kankare ƙanzon tukunya da cokali.

Na fita na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba, ta ce, "Ina hoton Baba?"

Na ce, "Inna, ɗan juyo."

Ta juyo. Na ƙura wa kuncinta ido, leɓena na motsi.

"Mi kaka kallo, Nahi'u?"

Na ci gaba da ƙirga. Ta dubi hannuna da babu hoto, ta dubi bakina da ke ƙirga, sai ta ajiye cokalin a hankali.

"Mi kay yi ma ubana?"

Na faɗa mata duka, har da takardar. Kaji suka zo suka fara tsattsagar ƙanzon, ba ta kore su ba. Sannan ta kamo ɗan yatsana, wanda na yi gogewar da shi, ta ɗora a kuncinta.

"Shidda nan, bakwai nan, irin nashi sak. Ƙirga da kyau. In na mutu ba ka da inda za ka duba."