Tukunyar da Ba Albasa

Ni dai ban taɓa neman kare ba. Da Baba ya ajiye aikin gadi ya dawo gidana da zama, da abinsa ya zo: akwati ɗaya, rediyo ɗaya, da wani tsohon kare mai furfura a baki da yake kira Saje. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare a ƙofar wata ma'ajiyar kaya. Na ce to, tsakar gida na da faɗi, kada dai ya shigo min ɗaki.

Matsalar tana wajen cin abincin Baba. Tun a wurin aiki ya saba: loma ɗaya bakinsa, loma ɗaya ya jefa wa Saje. Ko me na dafa kuwa. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, ƙashin kaza, kitse, har cakulan ɗin da yayata ta aiko masa, raba daidai suka yi.

Ranar da na dawo daga shagon ɗinki na tarar da karen kwance yana haki, ya yi amai har wuri uku, raina ya ɓaci, don na san wa zai wanke. Baba na tsugune kusa da shi kamar wanda aka aiko wa da saƙon mutuwa. Ko ruwa ban sha ba muka nemi mota zuwa wurin likitar dabbobi.

Likitar ta ɗaga leɓen Saje ta nuna min dasashinsa, ya yi fari fat.

"Baba, me yake ci?" ta tambaya.

"Abin da nake ci, 'yata. Ban taɓa ware shi ba." Har da ɗaga kai, wai shi abin yabo ya faɗa.

Ta ce ai nan gizo ke saƙar. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare sannu a hankali, dafaffen ƙashi yana tsagewa ya yanki hanji, cakulan da inabi kuwa ko kusa da su kada ya je. Ta rubuta min abin da zai ci: shinkafa, tsokar kaza ba fata, kabewa, karas, wani lokaci dafaffen ƙwai. Ba gishiri, ba mai.

"Shekara goma sha ɗaya yana ci bai mutu ba," in ji Baba.

"Da yana da ƙarfi. Yanzu ya tsufa. In aka ci gaba haka, ba zai ga ƙarshen shekara ba."

Daga ranar na zama 'yar sandan gida. Tukunya biyu nake ɗorawa kafin in fita, ni da ko tawa ɗayar da ƙyar nake dafawa. Lokacin cin abinci in ja Saje bayan gida in rufe ƙofa, don na san halin mutumina, ina juya baya zai jefa. Kwana goma karen ya miƙe, har yana bin ƙadangare. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wurin.

Ashe ban wuce ko'ina ba. Kwanon Baba ya fara dawowa kamar yadda na kai shi. Ya tsakuri gefe ya rufe. Wandonsa ya soma zamewa, sai da na rage masa ƙugu a keke. Na kira yayata, ta ce in riƙa lallaɓa shi, tsufa ne. Lallaɓawa daga nesa ai ba ta da wuya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wata rana da yamma na ɗauko kwanon, na ji nauyinsa, sai haƙurina ya ƙare.

"Baba, so kake ka kashe ni? Na warkar da kare, kai kuma ka kwanta? Wallahi na gaji. Ƙafafuna ko takalmi ba sa shiga."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya rage sautin rediyo ya ce, "Ba ya wucewa ne, uwata. Ina ɗaga loma sai in ji shi yana karta ƙofa. Tun da mahaifiyarki ta rasu ban ci abinci ni kaɗai ba sai kwanakin nan."

Na tsaya da kwano a hannu. Tausayi ya kama ni, haushi ma bai sake ni ba.

Washegari tukunya ɗaya na ɗora musu, irin ta likita. Shinkafa fara, kaza, kabewa. Na ɗanɗana, salam kamar ruwan wanke hannu. Na zuba a kwanon Baba, na buɗe wa Saje ƙofa, ya zo ya zauna daidai gwiwarsa.

Loma ɗaya bakinsa, loma ɗaya ya jefa. Na ga yadda ya yamutsa fuska a ta farko, sai na koma na ɗebo gishiri a murfin kwalba na ajiye masa a gefe.

"Ga shi, ka riƙa dangwalawa a naka."

Ya dubi gishirin, ya tura min shi da bayan hannu.

"Ɗauke. Hannun da zai dangwala shi ne zai ba Saje."

Na mayar da gishirin kicin. Kafin in dawo sun cinye, Baba yana miƙo min kwanon in ƙaro musu.