Tef ɗin Hasumiya ta Tara

Da na san ƙanena Lyle zai buɗe akwatin nan, da tuni na kai shi juji. Ya haura hamsin amma har yau ba ya ganin abu a rufe ya wuce. Muna kwashe kayan gidan Mama a garin Geelong bayan rasuwarta, sai ya zaro wani naɗin tef daga ƙarƙashin barguna, ya ɗaga shi sama kamar ya kamo kifi.

"Glen! Rubutunki ne fa. Hasumiya ta Tara, kashi na ƙarshe!"

Na gane tef ɗin tun kafin ya gama karantawa.

Hasumiya ta Tara wani shirin Ingila ne da ake sa mana a talabijin muna yara. Masu gadi ne a wata tasha can cikin taurari, ga Mutanen Gishiri suna bin bango suna neman hanyar shiga, duk wanda suka taɓa ya bushe. Kayan jikinsu buhu ne da fenti, amma a lokacin fitsari suke sa mu. Daga baya masu shirin suka goge faya-fayansa kaf, ko hoto mai motsi ɗaya bai saura ba. Abin da ya rage wa duniya shi ne muryar da yara irina suka ɗauka, mun kafa makirufo a gaban akwatin talabijin. Kashi na ƙarshe kuwa babu mai shi.

Ni na san ranar da na ɗauki wannan tef, ina 'yar shekara goma sha biyu. A wancan zamanin ƙarfe shida na yamma ake rufe mashaya, maza su ɗura abin da za su ɗura a gurguje, su nufo gida daidai lokacin shirin. Ranar ce Baba ya karya wa Mama haƙori.

Lyle bai san wannan Baban ba. Yana ƙarami ciwon zuciya ya ɗauke Baba. Baban da ya sani shi ne mai ɗora shi a wuya a filin ƙwallo, har sunansa ya sa wa ɗansa na fari. Mama ba ta taɓa gaya masa ba, ni ma na ja bakina na tsuke shekara hamsin.

"Ya lalace," na ce. "Ba ni in zubar."

"Ki zubar? Kin haukace? Warwick zai suma!"

Warwick Tulloch tsohon mai gyaran rediyo ne, shi ne shugaban wasu tsofaffi da ke haɗuwa a garejinsa duk Asabar suna gardama a kan shirye-shiryen da ba wanda ya ƙara gani tun muna da haƙoran gaske. Na yi ƙarya, na yi faɗa, har na ce tef ɗin nawa ne. Lyle ya ce rabinsa nasa ne tunda rikodar ta kawunsa ce. Kamar ni ba kawuna ba ne.

Asabar da rana muka je. Mutum shida ne a kujerun roba, ga shayi, ga kek mai kwakwa da wata Coral ta toya. Warwick ya karɓi tef ɗin da farar safar hannu.

"Ku saurara, jama'a. Zaren nan ya bushe kamar ganye. Sau ɗaya zai wuce, ina kwafa yana tafiya. In aka tsayar a tsakiya zai iya tsinkewa, ni kuma in bi shi. Mai tari ya fita yanzu."

"Kai ne mai tarin ai," in ji Coral.

Na zaɓi kujerar da ke kusa da soket. Na riga na yanke shawara: da na ji muryar Baba zan fizge wayar, tef ya tsinke, su tsine min har in mutu. Ban damu ba.

Zare ya fara juyawa. Kiɗan nan ya taso, mai kama da iska a bututu. Wani tsoho ya cire tabarau yana share ido. Can ƙasa-ƙasa ana jin shugaban masu gadi yana cewa a rufe ƙofar ƙarfe, sai wata 'yar murya ta shigo daf da makirufo:

"Glen, rufe min ido, amma ki bar min kafa kaɗan."

Gareji ya kwashe da dariya. Lyle ya buga cinya. "Wallahi ba ni ba ne!"

"Jarumi ke nan," in ji Coral. "Ga ka nan, ƙato har da gemu."

Ban yi dariya ba. A cikin tef ɗin ina jin kwanukan Mama a kicin, ina jin agogon bango, kuma na san me ke tafe. Mutanen Gishiri suka fara jan ƙafa a bayan ƙofa, shaa, shaa. Tsofaffin nan suka sunkuyo gaba, don muryar ta yi ƙasa sosai, Mama ba ta yarda a ƙara. Ta tsani shirin, shirmen Ingila take ce masa.

Sai ga ƙarar mota a tef.

Ta tsaya. Aka buga ƙofarta da irin bugun da na sani. Kwanukan kicin suka yi tsit. Na miƙa hannu ƙasa na kama wayar. Takalmi ya hau matakala, ƙofar gida ta daki bango, murya mai kauri ta ce, "Ina matar..."

Ban kai ga fizgewa ba. Silifas ɗin Mama suka iso da sauri, numfashinta ya cika makirufo.

"Ku kalli abinku," ta ce. "Kar wanda ya waiwayo."

Nan take talabijin ya ƙure murya. Shugaban masu gadi ya cika garejin, kowace kalma tar, har numfashin Mutanen Gishiri ana ji, har ƙarar gishirin da ke zuba daga hannunsu. Bayan wannan babu komai. Babu kicin, babu Baba. Shirin ya haɗiye gidanmu gaba ɗaya har kiɗan rufewa.

Na manta ta yi haka. Wallahi na manta. Shekara hamsin ina riƙe da ita a zuciya cewa ba ta taɓa kare mu ba, ta dai tsaya ana dukanta muna ji. Ashe ba mu ji ba. Ni abin da na sani, da ido na gan shi, don na waiwaya.

Zare ya ƙare, bakinsa yana kaɗawa. Suka tashi suna tafi. Warwick har da hawaye.

"Kun ji ƙarshen nan? Kun ji tsabta? Ba a taɓa samun irinsa ba! Glen, wane ɗan albarka ne ya ƙara muryar nan?"

"Mahaifiyarmu ce."

"Allah ya ji ƙanta. Mai son shiri ce ta gaske! Hayaniyar gida kuwa kar ku damu, duk zan goge, motar nan da komai."

Na saki wayar. Ta yi min shaida ja a tafin hannu. Tsoron da ya rage min ɗaya ne, kallon Lyle, don tun ɗazu ban ji dariyarsa ba.

Yana zaune da kek a hannu bai ci ba.

"Mama ba ta son shirin nan," ya ce, ba da ƙarfi ba.

"Ba ta so."

"Amma duk ranar da aka buga ƙofar mota haka, sai ta ƙara murya. Na tuna yanzu. Ni ina murna, ina cewa yau Mama ta yi kirki." Ya juyo ya dube ni, idanunsa sun kaɗa. "Glen. Haƙorin nan nata. Ba a matakala ta faɗi ba, ko?"

Na buɗe baki, ƙaryar da na saba tana nan a shirye. Ta ƙi fita.

Ya ajiye kek ɗin a kujera a hankali, ya je wurin Warwick.

"Mutumina, ka goge wa duniya nata kwafin yadda kake so. Namu kar ka taɓa komai a ciki."

Ya dawo ya zauna kusa da ni, ya kamo hannuna mai shaidar waya ya ɗora a kan idanunsa. Wannan karon bai ce in bar masa kafa ba.