Kujerar da Ba a Duka a Kanta

"A wurinka ta koya, ba a titi ba!"

Kafintan bai ɗago ba. Ya saita ƙusa a ƙafar teburin da yake haɗawa, ya buga, ta lanƙwashe.

"Yaya, rage murya. Tana ciki."

"Ta ji mana! Yarinya 'yar shekara biyar ta zare ribon daga jakar 'yar mutane ta ɗaura a kanta. Malama ta tambaya, ta ce wai uwarta ce ta aiko mata. Ko ido ba ta ƙifta ba. Ni aka tsare a ƙofar makaranta ana yi mini bayani kamar ni na aike ta."

"Yarinta ce."

"Yarinta? Rigar da ka saya mata wancan watan, wa ka ce ya aiko? 'Yar tsanar fa? Kai da katakon nan ban san wa ya fi wani magana ba. Wata biyar, Malam Shiru. Ka faɗa mata, ko ni in faɗa."

Ta saɓa mayafinta ta fice, ta bar shi da guduma a hannu.

Wata biyar ke nan da rasuwar matarsa. Kwana biyu kawai ta yi a asibiti. A ruɗe ya kai yarinyar gidan Yaya, sai bayan kwana goma ya ɗauko ta. Da suka shigo gida ta leƙa ɗaki, ta leƙa kicin, har bayan ƙofa ta duba, sannan ta juyo ta kalle shi. Ya ce, "Ta yi tafiya." Ya ɗauka maganar kwana ɗaya ce. Tun daga ranar, duk mako sai ya ƙara mata sabuwar ƙusa don kar ta ruguje.

Ya karkaɗe garin katako daga wandonsa ya shiga ciki.

Ya same ta a bakin gado, ba ta ma cire kayan makaranta ba. Ribon ɗin ja ne, ta dunƙule shi a hannu. Tana ganinsa ta ɓoye hannun a baya.

"Mamana."

"Gwaggo ta ce za ka zane ni."

"Gwaggonki ta faye baki."

A bayan ƙofa akwai wata 'yar kujera da ya yi a shekarar da yarinyar ta fara tafiya. Matarsa ce ta mayar da ita kotu. Dokar ɗaya ce: wanda ya zauna a kanta ba a dukansa, ba a yi masa tsawa, shi kuma ba ya ƙarya. Sai ta durƙusa a gaban yarinyar ta yi mata tambaya uku, cikin muryar nan tata mai sanyi da ko shi kan ajiye aiki ya saurara ta taga. Bai taɓa kujerar ba tun da ta tafi. Ya jawo ta, ya share ƙurar da gefen rigarsa.

Yarinyar ta kalli kujerar, ta kalle shi. Ta hau ta zauna, ta jera ƙafafunta.

"Ni na ɗauka," in ji ta, tun kafin ya buɗe baki.

Ya durƙusa. Gwiwarsa ta yi ƙara.

"Wa ya ji zafi?"

"Wadda ke zama kusa da ni. Ta yi kuka har da majina."

"Da ke aka yi wa fa?"

"Ni ai ba ni da ribon ɗin da za a ɗauka." Ta buɗe hannunta tana kallonsa. "Kowa mamarsa ke ɗaura masa da safe. Kai in ka ɗaure mini kai sai a yi ta dariya, wai kamar buhu. Na ce ko sau ɗaya in ce Ummata ce."

Saura tambaya ta uku. Ya lalubo ta, babu. Yana jin amon muryar matarsa, yana ganin yadda takan ɗan karkata kai in za ta faɗe ta, amma kalmomin sun tafi da ita.

"Ka manta," in ji yarinyar. Ta karkata kai, ta sassauta murya. "Sai ka ce, 'To, yanzu ya za mu gyara?'"

Ya kau da ido zuwa bango. Da kyar ya maimaita.

"In saka mata a jaka ba ta gani ba?"

"Ke kika san abin da ya fi."

Ta shiga naɗe ribon ɗin a yatsa tana warwarewa. Bai sa baki ba, ko da yake bakin na ƙaiƙayi. Haka matarsa take yi, ta jira.

"A'a. In na saka a ɓoye, malama za ta ce dama bai ɓace ba, mai ribon ɗin ce ta yi ƙarya. A hannu zan ba ta." Ta ɓata fuska. "Za su ce mini ɓarauniya."

"Za su ce. Kwana biyu ne."

"Za ka raka ni?"

"Har cikin aji."

Ta sauko, ta ninke ribon ɗin ta ajiye a kan jakarta. Ya dafa gado zai miƙe, sai ta riƙe masa hannu.

"Saura kai. Umma ta ce kujerar ta kowa ce, har manya."

"Ba za ta ɗauke ni ba, Mamana."

"Ai kai ka yi ta."

Ya zauna. Gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Ta tsaya a gabansa, idonta daidai da nasa, ta ɗora hannu a kafaɗarsa. A waje wani yana ta sallama a ƙofar shago, babu wanda ya amsa.

"Ba zan yi maka tsawa ba," in ji ta. "Abba, in Umma tafiya ta yi, me ya sa duk takalmanta suna ƙarƙashin gado?"