Lasisin Ɗauko Dalyop

Zinatu ta kusa shekara goma tana riƙe da kemis ɗinta a babban titin unguwar Erdington da ke Birmingham, tsakanin wani shagon gwanjo da wurin gyaran waya. Dokar ƙasar ba ta yarda a miƙa wa kowa maganin da likita ya rubuta ba sai mai haɗa magani yana cikin shagon, ita ce kuwa kaɗai mai wannan shaidar. Don haka daga buɗewa har rufewa tana tsaye, Litinin zuwa Asabar. A lungun da ake jibge kwalaye take sallar azahar, a gaggauce, kunnenta na kan ƙararrawar ƙofa.

Da can takan ɗauki locum, mai haɗa magani na haya, ya tsaya mata kwana biyu a mako. Da gwamnati ta zaftare abin da take biyan ƙananan kemis, locum ya zama sai ido. Aiki kuma bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Council, wato hukumar garin, ta rufe cibiyar da tsofaffin unguwa suke wuni, ganin GP, likitan unguwa, ya zama sai an yi jiran makonni, sai kowa ya dawo kan Zinatu da tarinsa da ƙaiƙayinsa da kaɗaicinsa.

A Salford, kusa da Manchester, ta haɗu da Dalyop, a gidan yayanta Dakta Sunusi, ranar wata Lahadi da aka yi sunan jikarsa. Tana zaune a kicin ta cire takalmi tana matsa ƙafa, sai Sunusi ya shigo da wani dogon mutum mai tabarau.

"Zinatu, ga maganin ciwon ƙafarki na kawo miki," in ji shi. "Dalyop ke nan, mutumin Jos. Pharmacist ne. A nan Manchester ya yi uni, ya kusa gama shekarar horonsa a kemis ɗin da ke kusa da asibitinmu."

Dalyop ya rusuna ya gaishe ta da Hausarsa ta Jos mai sauri. Ya ce bizar horonsa ta kusa ƙarewa, kuma mai kemis ɗin da yake wa aiki zai rufe reshen.

"Hajiya, aikin na iya shi," ya ce. "Mai ɗaukar nauyina ne babu. Sai wanda yake da lasisin ɗaukar ma'aikaci ɗan ƙasar waje."

Ba ta yi masa alkawari ba. Tambayoyi ta yi masa, irin waɗanda mai sana'a yake gane ɗan'uwansa da su, ta ji amsoshinsa ba kame-kame. Da ta tambaye shi iyali, ya ce matarsa Celestina tana Jos da 'yarsu, wadda bai taɓa gani ba sai a waya.

A hanyar komawa Birmingham ta faɗa wa mijinta Halliru. Akanta ne, shi yake duba mata lissafin shagon, ya san halin da ake ciki fiye da kowa. Ya ci gaba da tuƙi.

"Maman Raki, kin san abin da ake nufi da sponsor?" ya ce daga baya. "Ba albashi kaɗai ba ne. In ya yi fashin aiki, ke za ki kai rahoto. In ya sauya gida, ke za ki kai rahoto. Kin zama mai gadinsa."

"Cikakken ma'aikaci ɗaya ya fi mini locum biyu araha, kai ma ka sani," ta ce. "Kuma da mutum biyu za mu iya yin allurar mura da kai magani gidajen tsofaffi. Ni dai na gaji, Abban Raki. Wallahi na gaji."

Bai sake musu ba.

Neman lasisin ya cinye mata Lahadi bayan Lahadi. Hukumar da ke bayarwa tana son ta tabbatar shagon na gaske ne, aikin na gaske ne, kuma mai shagon za ta iya sa ido a kan wanda ta ɗauko. Takardun banki, na inshora, na hayar shago, na haraji, duk sai na asali. Halliru ya shimfiɗa su a teburin cin abinci, suka koma cin tuwo a falo. 'Yarsu Raki, wadda ke shirin jarrabawar shiga uni, takan leƙo ta ce da Turancinta na 'yan Birmingham ko wannan teburin zai sake zama teburi.

Wata Talata da hantsi, shago cike, wasu jami'ai biyu suka shigo, mace da namiji, suka nuna katinsu. Ba su da tsanani, sun ma jira ta sallami wata mai jego. Suka zauna da ita a lungun kwalaye suna tambaya. Yaya take sanin wanda ya zo aiki da wanda bai zo ba? Ina take ajiye bayanan ma'aikata? Me ya sa take bukatar mai haɗa magani na biyu? Kafin ta amsa ta ƙarshen, ƙararrawa ta buga, ta miƙe ta fita. Ta dawo, ta sake bugawa. Da ta dawo karo na uku, macen ta ɗago kai ta dube ta, ta rubuta wani abu, ba ta maimaita tambayar ba.

Kafin amsa ta fito bizar Dalyop ta ƙare. Dama ƙa'ida ce ya koma gida ya nemi sabuwa daga can. Sunusi ya raka shi filin jirgi. Dalyop ya kira Zinatu kafin ya shiga jirgi.

"Hajiya, kayan sanyina na bar su a garejin Dakta. Ba amfanin jan su."

"Bar su mana," ta ce. "Wata biyu ne ka dawo, in sha Allahu."

Lasisin ya fito a farkon hunturu. Tsakanin kwastoma biyu ta ga saƙon a waya, ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da ƙirga ƙwayoyi. Sai dai lasisi izinin nema ne kawai. Dole ta fara tallata aikin na kusan wata guda, ko akwai ɗan ƙasa mai so. Mutum biyu suka nema. Ɗaya bai zo ganawar ba, ɗayar kuma ta ce ba ta aikin Asabar. Bayan nan sai neman gurbi, domin akwai iyakar mutanen da ake bari a ɗauko daga waje kowane wata, in masu nema suka yi yawa kuma, masu babban albashi ake fara ba wa.

A shekarun baya guraben ba sa cika. A wannan hunturun suka cika. Zinatu ta nema, ba ta samu ba. Wata ya zagayo ta sake nema, haka. Asibitoci ma da likitocinsu suna layi ɗaya da ita, ina ga ɗan kemis ɗin Erdington.

Duk wata sai ta kira Jos. Da farko Dalyop yakan yi dariya ya ce ba komai, yana taya wani abokinsa a shagon magani a Bukuru. Daga baya dariyar ta ragu. Wata rana Celestina ce ta ɗauka.

"Mama, ina wuni. Ya fita." Ana jin kukan yarinya a bayanta. "Mama, don Allah ki gaya mini gaskiya. Wani asibitin mishan ya ba shi aiki a Mangu, ya ƙi karɓa, wai ya ba ki kalmarsa. Abin nan zai yiwu kuwa?"

Zinatu ta jingina da firjin allurai. Ta so ta ce zai yiwu. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Celestina, ban sani ba. Amma ban daina nema ba."

Ana cikin azumi abin da take tsoro ya kusa faruwa. Akwai wani tsoho Bature da yake karɓar maganin tsinka jini a wurinta shekara da shekaru. Ta haɗa masa, ta duba, ta miƙa, suka yi 'yar hirarsu ya tafi. Tana mayar da kwalin kan kanta idonta ya faɗa kan launinsa. Ba ƙarfin da aka rubuta masa ba ne, wanda ya fi shi ne. Ta ce wa matar da ke taya ta sayarwa kada ta miƙa wa kowa komai, ta fita da farar rigarta tana gudu a kan titi, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, da azumi a bakinta. A tashar bas ta cim masa. Ta karɓi ledar, ta yi masa bayani, ta ba shi haƙuri. Tsohon ya dafa hannunta ya ce ta zauna, fuskarta ba daidai take ba. Ta zauna a bencin tashar kusa da shi har bas ɗinsa ya zo ya wuce.

Ta rubuta rahoton kuskuren kamar yadda ƙa'idar aiki ta ce. Da ta faɗa wa Halliru bayan shan ruwa, ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa.

Mako biyu bayan sallah ya zo mata da magana. Wani mai kemis huɗu a wajen Perry Barr yana son sayen nata. Tayin ba na a zo a gani ba ne, amma zai rufe komai, kuma ya ce zai ɗauke ta aiki kwana uku a mako in tana so.

"Dalyop fa?" ta ce.

"Na tambaye shi. Ba shi da lasisi, ba ya kuma so. Ya ce yana da mutanensa."

"Nawa lasisin fa?"

"Naki na shagonki ne a hannunki. In kin sayar, ya tafi." Ya matso kusa da ita. "Maman Raki, kin yi iya yinki. Babu wanda zai ce ba ki yi ba. Yaron nan yana da aiki a Mangu in yana so. Ni kuma mata ɗaya gare ni, ba na son a kira ni daga asibiti."

Ta ce ya ba ta lokaci. A ranta ta riga ta fara sayarwa. Har ta fara tunanin yadda za ta tsara maganar in ta kira Jos, da wace kalma za ta fara.

Ana haka sai aka sauya doka, aka cire likitoci da ma'aikatan jinya daga layin, guraben suka samu sarari. Ta nema a watan don dai kada ta ce ba ta nema ba. Aka ba ta.

Da la'asar ta nuna wa Halliru saƙon a mota, ya zo ɗaukarta. Ya karanta, ya mayar mata da wayar. Dukansu sun san lissafin. In ta ba Dalyop gurbin, ya taso da iyalinsa, to ba maganar sayarwa sai bayan shekaru, domin ranar da shagon ya bar hannunta zamansa a ƙasar ya shiga rawa.

"Mutumin nan ba zai jira ba," in ji Halliru.

"Na sani."

"To me kika gani?"

Ta dubi ƙofar shagon da ta ja ta kulle, da fentin da ya fara ɓarewa a saman allon.

"Ni na ce masa ya bar kayansa," ta ce. "Ya ƙi aiki saboda maganata. Ba zan iya kiran matar nan in ce mata na fasa ba, bayan an ba ni."

Halliru ya sauke numfashi, ya tayar da mota. Sai da suka wuce danja biyu sannan ya ce zai kira mai Perry Barr da safe ya gaya masa an fasa.

A ƙarshen Satumba Dalyop ya sauka a Manchester, shi kaɗai, iyalin sai ya samu flat. Ranar Lahadi ce, don haka Zinatu ta je da kanta. Ya rame, ya ƙara duhu. Ya rusuna zai fara doguwar godiya, ta katse shi ta ce ya sa jaka a but, an hana tsayawa a wurin.

Ana yayyafi suka hau babbar hanya. Kafin su yi nisa suka tarar da aikin titi, motoci sun yi layi ba gaba ba baya. Ta fara yi masa bayanin shagon: wane likita ne rubutunsa ba ya karantuwa, wace tsohuwa ce ba ta yarda namiji ya auna mata jini, yadda ake dukan na'urar buga takarda a gefe in ta maƙale. Yana ta cewa to, Hajiya. Ta ce masa kuma duk ranar da ya sauya gida ko lambar waya, ita zai fara faɗa wa kafin kowa, dole ne ta kai rahoto.

"Ko matata ba za ta riga ki ji ba," ya ce.

Ta yi ɗan murmushi. Ya ciro wata leda daga jakar hannunsa ya ajiye a tsakaninsu, acca ce Celestina ta aiko mata, ta ce a yi wa Baba Halliru kunu. Zinatu ta ce an gode. Layin ya ɗan motsa, ta saki birki, ya sake tsayawa.

"Gobe ƙarfe nawa zan zo?" ya tambaya.

"Ka huta gobe."

"A'a Hajiya, na huta ya ishe ni."

"To, takwas da rabi," ta ce. "Ka shigo ta ƙofar baya, ta gaban sai an ɗaga ta sama take buɗewa."