Muryoyin Shagon Baba

Autanmu mai surutu ne tun yana ƙarami, sai ka ce an sa masa sabon batir. Shi ya sa da ya yi shiru bayan ya gama sakandare, Mama har hamdala ta yi, wai yaro ya yi hankali. Ya daina zuwa ƙwallo, wanka sai an yi faɗa, abokai su yi ta sallama ya ƙi fita. Ni yayarsa na ce a kai shi asibiti, aka ce bakina ya cika tsawo.

Baba gyaran rediyo yake yi, Auta na taya shi. Wata rana Auta ya ajiye sukundireba ya ce, "Baba, a kashe waccan rediyon, zagina suke yi."

Baba mutum ne da a wurinsa kowace ƙara tana da wayar da ta jawo ta. Sai ya shiga nema. Ya sauko da rediyoyin kan kanta, ya buɗe bayansu, yana kara kowace a kunne yadda ya saba. Kwana da kwanaki yana wannan aiki, masu kaya na zuwa suna komawa hannu rabbana. Ranar da na kai musu abinci, na tarar ya zare batir na ƙarshe, ya cire soket, har fanka ya kashe. Shagon ya yi tsit.

"Yanzu fa?" in ji Baba.

Auta ya toshe kunnuwa. "Sun ƙara ƙarfi, Baba."

Baba ya ajiye kayan aikinsa. Ya rufe shago da rana tsaka, muka nufi asibiti. Likita ta ce cutar ƙwaƙwalwa ce, tana da magani, kuma shirun nan da aka yaba, shi ne farkonta. Zuciyata ta karye, don Mama na zaune ta ji.

Muna kan benci muna jiran magani, Baba ya jawo kan Auta a hankali ya kara a kunnensa. Ya daɗe a haka.

"Ka ji su, Baba?"

"Ban ji ba, ɗana," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Amma na yarda kana ji. Wannan gyaran ya fi ƙarfina."